Yadda zaɓen manhaja ɗaya ya durƙusar da kamfanin Nokia

Duk wanda ya yi kasuwar salula shekaru 20 da suka wuce ya san Nokia mai tocila. Wannan waya, Nokia 1100, ta fito a 2003, kuma an sayar da kusan miliyan 250 a duniya. A ƙarshen 2007, cikin kowace salula 10 da aka saya, kusan 4 na wannan kamfani ne na ƙasar Finlanda. To, me ya kayar da shi?

Kowace na'ura ta zamani, ko salula ce, ko dekoda, ko na'urar biyan kuɗi da kati, tana da babbar manhaja a cikinta mai tafiyar da kome. Ƙarfe da gilashi gangar jiki ne, manhajar ita ce rai. Mai ƙera na'ura yakan rubuta tasa, ko ya ɗauko ta wani kamfani. In ya ɗauko, to ya ɗaura arzikinsa ga arzikin wancan.

Nokia yana da tasa mai suna Symbian, amma ta tsufa. Da iPhone ta fito a 2007, wayoyin Android kuma a 2008, sai masu saye suka fara juya baya. Hanya uku ke gaban kamfanin: ya ƙarasa sabuwar manhajarsa MeeGo da yake haɗawa tare da Intel, ko ya ɗauki Android ta Google, ko Windows Phone ta Microsoft. Shugabannin sun ji tsoron in sun bi Android za su ɓace cikin taro, musamman gaban Samsung. Microsoft kuwa ya yi alƙawarin tallafin dalar Amurka miliyan 250 kowane wata uku.

Ranar 11 ga Fabrairu 2011, a Landan, shugaban Nokia Stephen Elop, wanda daga Microsoft aka ɗauko shi, ya sanar da zaɓen Windows Phone. Sai dai wayar farko, Lumia 800, ba ta shiga kasuwa ba sai Nuwamba. Wata tara ke nan kamfanin na tallar hajar da shi da bakinsa ya ce ta kusa mutuwa. Wa zai saya?

Ba a nan ta tsaya ba. A 2012 Microsoft ya fito da Windows Phone 8, wadda Lumia na farko ba su iya ɗauka. Masu rubuta ƙananan manhajoji kuma suka fi karkata ga Android, inda jama'a take. A shekarar Samsung ya ƙwace matsayin farko. A 2013 Nokia ya amince ya sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa kan Yuro miliyar 5,44, wato sama da miliyar 3500 na sefa. A ƙarshen 2019 WhatsApp ya daina aiki kan wayoyin Windows. Mai irinsu a shago, ya rage nasa.

Ƴan kasuwa sun san wannan tun tuni: mai sari wurin mutum ɗaya, ranar da wancan ya rufe, shi ma ya rufe. Don haka kafin ku sari na'ura, ku yi tambaya uku. Manhajar wane kamfani ce a ciki? Shekara nawa zai ci gaba da gyara ta? Masu gyara na kasuwarku sun san ta? Kyan kwali ba ya amsa ko ɗaya.