Iska tana da ƙarfi: mu gwada tare da yara

Jama'a, ba mu ganin iska da ido, amma tana da ƙarfi. Yaro zai gane haka in ya gwada da hannunsa. Ga gwaji 2 masu sauƙi.

Na farko: a samu balan-balan, da zare mai tsawon mita 5, da bututun bik wanda ya ƙare. A zura zaren cikin bututun, a ɗaure shi tsakanin itace 2, ya miƙe sosai. A hura balan-balan, a riƙe bakinta, a manna ta ga bututun da salatif. Sai a saki. Iska tana fita ta baya, ita kuwa tana rugawa gaba. Haka manyan jiragen da ke sauka Yamai suke tafiya: injinsu yana tura iska baya da ƙarfi. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana wannan ƙa'ida a shekara ta 1687.

Na biyu: a ninka tsohuwar takarda a yi jirgi 2, ɗaya mai faɗin fiffike, ɗaya siriri. Kafin a jefa, a tambayi yaro: wanne zai riga faɗuwa? Mai faɗin fiffike ya kan fi daɗewa sama, don iska ta fi samun wurin tallafarsa.

Amma hattara! In balan-balan ta fashe, a tsince guntayen nan da nan. Ƙaramin yaro yana iya sa su baki, su toshe masa numfashi.

Iyaye, kada mu hana yara wannan wasa. Karatu ne.