Ramukan Makaman Turawa: Abin Da Ya Inganta Da Abin Da Bai Inganta Ba

Daga kasuwar Ɗambatta har zuwa ƙauyukan Bichi da Kunchi da Makoɗa, akwai wata magana wadda takan lafa sa'an nan ta sake tasowa, cewa wai a zamanin yaƙin Hitila Turawa sun haƙa ɗakuna a ƙarƙashin tsofaffin ramukan burji da wuraren fasa dutse, suka cika su da bindigogi da albarushi, waɗansu ma su ƙara da zinariya, suka toshe bakin da siminti suka tafi abinsu. Yanzu kuwa da hotuna ke yawo a cikin waya, na dogayen hanyoyi masu duhu da ƙarafa masu tsatsa, sai ka ji saurayi mai hankalinsa yana cewa shi fa zai ɗauki diga da tocila ya je ya gani. Malamanmu ba su karɓar labari don yawan masu faɗinsa kurum, sai sun bi isnadinsa sun ga inda ya tsaya. Wannan labari kuwa, da yake rayukan 'ya'yanmu ne ke cikinsa, ya cancanci irin wannan tahƙiƙi.

Da fari dai, irin waɗannan ma'ajiyoyi gaskiya ne akwai su, amma a ƙasar Ingila da makamantanta. Tun kafin yaƙi ya ɓarke a 1939, da hukumar sojan Ingila ta ga lalle jiragen Jamus za su yi wa rumbunan makamanta ruwan bam daga sama, sai ta karɓi tsofaffin ramukan da magina suka daɗe suna yankan farin dutse a ciki, a Corsham da Monkton Farleigh, ta gyara su, ta sa musu lantarki da na'urorin busar da iska, ta haɗa su da hanyar jirgin ƙasa. Ƙarshen waɗansu bai yi kyau ba. A Llanberis ta ƙasar Wales rufin ma'ajiyar ya rufta a Janairun 1942 a kan bam wajen tan 14,000, aikin tsabtace wurin kuwa bai ƙare ba sai 1975. A Fauld, ran 27 ga Nuwamba 1944, bam wajen tan 3,500 zuwa 4,000 ya tashi gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, ya shafe gona guda da gidanta da dabbobinta, ya fasa madatsar ruwa, mutum wajen 70 suka halaka; har yau ramin yana nan a killace, domin akwai sauran abin da ba a iya fitarwa ba. Duk hoton da ka gani na doguwar hanya mai ginshiƙai da layin dogo a cikin dutse, to, irin waɗannan wurare ya kamata ka fara kawowa a ranka, ba bayan garinku ba.

Haka kuma gaskiya ne yaƙin ya taɓa Kano. Daga 1940 akan kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su taso ta Ikko su yada zango a filin jirgin Kano, su wuce Maiduguri da Hartum har Masar. Damagaram, maƙwabciyarmu ta arewa, tana hannun Faransawan da suka yi sulhu da Jamus har zuwa ƙarshen 1942, a Janairun 1942 kuwa wani jirgin Jamus ya ƙetaro Sahara ya ƙona ma'ajiyar mai a Fort Lamy, wato Injamena ta yau. An ɗebi samarinmu soja aka kai su Habasha da Bama, aka matsa wa talaka noman gyaɗa. Saboda haka dattijon da ya ce ya ji daga mahaifinsa an ga motocin soja da akwatuna, bai yi ƙarya ba, kuma ba daidai ba ne a yi masa dariya.

Inda labarin ya ɓaci shi ne tsallen da ake yi daga akwatuna a bariki zuwa ɗakuna a ƙarƙashin gonaki. Dutsen da Ingilishi suka samu mai laushi ne, wanda ake binsa a kwance ana yanka har a bar ɗakuna da ginshiƙai; namu kuwa, inda ya leƙo daga ƙarƙashin jigawa, tsauri gare shi, daga sama ake fasa shi da nakiya a bar rami buɗe, ramin burji kuma ba ya riƙe rufi, da damina ta sauka sai ya zama tafki, alhali albarushi ba shi da maƙiyi kamar danshi. Sa'an nan larurar da ta kai Ingila ƙarƙashin ƙasa, wato jiragen abokan gaba dare da rana, ba ta sami Kano ba. Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ƙasar kanta. A wannan yanki namu, inda gona ke jingine da gona, kowace tana da mai ita da iyakarta da tarihin gadonta, inda ba a barin saura sai dai a kai taki a kan jaki a noma ta kowace shekara, yaya za a tara ɗaruruwan leburori su yi watanni suna haƙa, a kwashe ƙasar da aka fitar, a shigo da manyan motoci, ba tare da mai unguwa ya sani ba, balle dagaci da hakimi, waɗanda ta hannunsu ne Nasara ke samun ko da mutum guda na aikin tilas? Aikin hanya da na dogo har yau ana tuna wahalarsu, ana faɗin wanda aka ɗiba daga kowane gida. Da an yi wannan, da sunayen mahaƙansa suna bakin jikokinsu. Ga shi kuwa duk mai ba da labarin, in ka matsa masa, sai ya ce shi ma ji ya yi.

Ramukan kuwa asalinsu ba ɓoyayye ba ne. Waɗansu kududdufai ne da aka ɗebi ƙasar gini. Waɗansu na burjin hanyar Katsina ne da ta Daura. Waɗansu kuma sun samu ne tun daga zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da aka shiga gina madatsun ruwa irin su Watari da Tomas da Gari. Ɗan ginshiƙin simintin nan mai lamba da akan tarar a kan tudu, wanda ake cewa alamar dukiya ce, na 'yan safiyo ne, da shi ake awon ƙasa. Mai tumɓuke shi ba abin da zai samu sai rigimar iyaka da zai bar wa na baya.

Akwai masu kafa hujja da fiƙihu, su ce ai rikazi halal ne, a fitar da humusi a ci saura. Rikazi a wurin malaman Malikiyya dukiya ce da mutanen jahiliyya suka binne. Makamin soja kuwa ba ya shiga wannan babi, kayan hukuma ne, riƙe shi laifi ne a doka, jefa rai cikin halaka kuma haramun ne bisa ittifaƙi.

Haɗarin na haƙiƙa yana kusa, kuma shi ne ya fi damuna. Tsohon makami ba ya mutuwa don ya yi tsatsa, sai ma ya ƙara saurin tashi. Mutanen Ikeja sun ga haka ran 27 ga Janairu 2002, da rumbun makaman bariki ya kama, fiye da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu a cikin wani magudanin ruwa da suka faɗa wajen gudu. Mu a nan ta hanyar kayan gwangwan yake zuwa mana, musamman waɗanda ake kwasowa daga wuraren da aka yi faɗa a arewa maso gabas, yaro ya sa guduma yana neman tagulla a jikin abin da bai sani ba. Wurin fasa dutse na iya ɓoye ragowar nakiyar da ba ta tashi ba. Gefen ramin burji yakan rufta ba sallama. Rami mai zurfi kuma, kamar tsohuwar rijiya, yakan tara iskar da ke kashe mai shiga kafin ya yi kira, ta kashe wanda ya bi shi ceto. Wanda garmarsa ta tono ƙarfe mai siffar kwalba ko mai fiffike a gindi, kada ya ɗaga, kada ya ƙwanƙwasa, kada ya sa a wuta ko ya kai wa mai awo. Ya yi wa wurin alama daga nesa, ya kori yara da dabbobi, ya sanar da mai unguwa, shi kuma ya kai wa 'yan sanda, domin suna da sashe na musamman mai kwance bam.