Gadar Wan'an da Masassaƙan da Aka Manta da Su

Da gobara ta cinye gadar Wan'an a daren 6 ga Agustan 2022, a garin Changqiao na lardin Fujian a ƙasar Sin, sai kafafen labarai suka ɗauka da shelar cewa an yi asarar gada mai shekara 900. Ba haka zancen yake ba. Tun zamanin daular Song aka fara kafa ta, amma katakon da ya ƙone ba na wancan zamani ba ne. Wuta ta sha cin ta, kuma ginin da ya kama a daren nan na 1932 ne. Tsawonta mita 98, bisa ginshiƙan dutse biyar, da rufi daga wannan gaɓa har waccan.

Abin da ya daɗe haka shi ne sana'ar gina ta. Masassaƙan yankin ba sa buga ƙusa ko ɗaya a bakan gadar. Gungumen itace suke jerawa sahu biyu, ɗaya mai gaɓa uku, ɗaya mai gaɓa biyar, su ratsa wasu a tsakani kamar saƙar zana, kowanne ya danne ɗan'uwansa. Rufin ma ba ado ba ne: yana tsare katako daga ruwan sama, nauyinsa kuma yana ƙara matse saƙar. In aiki ya kammala, sai a rubuta sunayen masu ginin da tawada a jikin babban gungumen rufi. Manomi kan fake a ciki, tsofaffi su zauna hira a bencin gefe.

Wannan ilimi daga uba zuwa ɗa yake tafiya. Da siminti ya shigo, aiki ya yanke, samari suka nufi birni, har UNESCO ta sa sana'ar cikin jerin masu buƙatar ceton gaggawa a 2009. Nawa ne cikin masu kukan gobarar suka tambayi ko masassaƙan nan suna da almajirai? Hukumomi kan yi saurin kafa allon tarihi don masu yawon buɗe ido, alhali kuɗin ya fi dacewa da yaron da ke koyon sassaƙa.

Amfanin masassaƙan ya fito fili a 2016, lokacin da guguwar Meranti ta kawo ambaliyar da ta tafi da gadoji uku a Taishun, cikin lardin Zhejiang mai maƙwabtaka. Mutanen ƙauye suka bi kogi suna tsinto gungumen ɗaya bayan ɗaya, masassaƙa suka mayar da duka ukun.