LABARIN ƊALIBAN KAMBIRIJ DA KOGWANNIN MATATTUN DUWATSU

Malamai sun san kogo a cikin karatu, domin ga Kogon Hira, ga Kogon Sauru, ga kuma ƙissar Ashabul Kahfi. Fatake kuwa sun san shi a kan hanya, wurin fakewa daga hadari ko zafin rana. To, a ƙasashen Turai akwai wani irin kogo dabam, wanda ba a tsaye a ke shigarsa ba, sai an ɗaura igiya an zurara kamar mai shiga rijiya, kuma mutum ya kan kwana uku a ciki bai ga ƙarshensa ba. Akwai kuma waɗansu samari masu neman ilmi waɗanda suka ɗora wa kansu aikin bin waɗannan kogwanni da auna su, ba don an sa su ba, ba kuma don ana biyansu ba.

A tsakiyar ƙasar Ostiriya, cikin jerin manyan duwatsun nan da a ke kira Alps, akwai wani yanki wanda mutanen wurin su ke kira Totes Gebirge da Jamusanci, watau Matattun Duwatsu. Sunan ya dace da shi. Bisansa wani faffaɗan fako ne na farin dutse, duk ya tsattsage, ba rafi, ba gona, sai gajerun itatuwa masu rarrafe a ƙasa. Ga shi kuwa ƙasa ce mai yawan ruwan sama da dusar ƙanƙara. Abin da ya sa ba a ganin ruwan shi ne dutsen na farar ƙasa ne, ɗan'uwan wanda a ke haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato domin yin siminti. Ruwan sama ya kan ɗauko ɗan tsami daga iska da ƙasa, in ya sami tsaga a cikin irin wannan dutse sai ya shige, yana cinsa kaɗan kaɗan. A cikin dubban shekaru tsagar da ba ta ɗaukar allura ta kan zama rijiya, rijiyar ta zama zaure, har a sami soron da ya fi babban masallaci faɗi a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan da ya ɓace a bisa sai ya ɓullo can gindin dutse, ya cika tafkin garin Altaussee. Wannan gari kuwa fatake za su so jin labarinsa, gama garin gishiri ne: akwai rubutaccen ambaton haƙar gishiri a wurin tun shekarar 1147, kuma har yau ana haƙarsa.

A shekarar 1976 waɗansu ɗalibai na ƙungiyar shiga kogo ta Jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila suka iso wannan wuri, suka hau fakon da ke bayan dutsen Loser, wanda tsawonsa ya kai mita 1,837. Tun daga ran nan ƙungiyar ta riƙa komowa kusan kowace shekara, a watannin Yuli da Agusta, lokacin da damina ta yi tsakiya a ƙasar Hausa, su kuwa lokacin hutun makaranta ne da narkewar ƙanƙara. Su kan yi mako biyar ko shida. Zango biyu su ke yi: ɗaya a kwari kusa da gari, inda a ke ajiye takardu da guzuri, ɗaya kuwa can bisa fako a ƙarƙashin wani dutse da ya gicciya kamar gada. Daga inda mota ta ke tsayawa zuwa wannan zango na bisa, a baya su ke ɗaukar kome, igiya da ƙarafa da abinci, kamar 'yan alaro. Ruwan sha ma sai sun shimfiɗa tamfol sun tari na sama, ko su narkar da ƙanƙara.

Yadda su ke neman bakin kogo abu ne mai hikima. Ramuka a fakon ba su ƙidayuwa, mafi yawansu kuwa ba su zuwa ko'ina, duwatsu ko ƙanƙara sun toshe su. Abin da a ke bi shi ne iska. Cikin dutse sanyi ne dare da rana, rani da damina, kaɗan ya rage ruwa ya daskare. Sa'ad da waje ya yi zafi, iskar ciki mai sanyi ta fi nauyi, sai ta riƙa kwararowa ta ƙananan ƙofofi. Saboda haka in mutum ya tsuguna bakin wata 'yar kafa ya ji iska mai sanyi tana bugun fuskarsa, ya san akwai babban fili a bayanta. Kogo na fari mai zurfi da ɗaliban suka samu a nan, a shekarar 1977, sunansa Eislufthöhle, watau Kogon Iskar Ƙanƙara, kuma kafin shekarar 1979 ta fita sun bi shi har kamar mita 500.

Mai karatu ya auna wannan da rijiya. Gaba ɗaya bai cika mita biyu ba, mita 500 kuwa ya haura gaba 270. Sai dai ba rijiya guda ba ce miƙaƙƙiya. A kan sauka rami, a rarrafa cikin matsatsi inda sai mutum ya karkace ya fitar da numfashi kāna ya wuce, a sāke tarar da wani rami. A kowane rami a kan kafa ƙusoshi a jikin dutse a rataya igiya yadda ba za ta gogi kaifin dutse ba, domin igiyar da ta gogu ta kan tsinke. Wajen sauka akwai wani ƙarfe da a ke zura igiya ciki, yana rage gudu. Wajen hawa kuwa ƙarafa biyu ne masu haƙora, su kan zame sama amma in an ja su ƙasa sai su ciji igiya. Ɗaya a ƙirji, ɗaya a hannu da maɗaukin ƙafa, mutum ya yi ta tsugunawa yana miƙewa kamar kwaɗo har ya kai bisa. Na dā fitilarsu irin mai cin dutsen nan ce na masu walda, wanda a ke ɗiga wa ruwa ya fid da iska mai kama wuta. Na yanzu fitilar batir ce a goshin hular kwano. A farkon shekarun 1980 sun bi wani kogo mai suna Stellerweghöhle har kusan mita 900, inda ruwa ya cika hanya har rufi, ba sauran wurin wucewa.

To, ga inda abin lura ya ke. Ɗalibi ba ya daɗewa a jami'a, shekara uku ko huɗu ya gama ya tafi neman abinci. Dutse kuwa ba ya buɗe cikinsa a shekara huɗu. Waɗanda suka fara aikin a 1976 yau masu furfura ne, waɗanda ke shiga yanzu kuwa ba a haife su ba a lokacin. Da a ce kowane ayari da idonsa da bakinsa kaɗai ya dogara, da kowane sabon ɗalibi daga bakin ƙofa zai fara, da kuma aikin ya mutu tun tuni. Abin da ya raya shi alƙalami ne.

Ƙa'idarsu ita ce wurin da ba a auna ba, ba a lissafa shi cikin abin da aka gano, ko da mutum ya rantse ya taka shi. Mutum biyu ko uku su kan bi hanyar daki daki. A zaɓi wata alama a jikin dutse, a auna nisanta zuwa alama ta gaba, a duba kamfas a ga inda hanya ta fuskanta, a auna gangare ko hawa, a rubuta. Mai riƙe da littafi ya zana kamannin wurin, ga rami nan, ga ruwa nan, ga tarin duwatsu can, yatsunsa suna ƙagewa don sanyi. Dā da tef a ke awon, yanzu akwai 'yar na'ura mai harba tsinken haske ta faɗi nisa da fuska gaba ɗaya. In an fito, kafin a manta, a zauna a zangon kwari a shigar da lissafin cikin kwamfuta. Wani ɗan ƙungiyar, Olly Betts, shi ya rubuta shirin kwamfuta mai suna Survex domin wannan aiki, wanda masu shiga kogo na ƙasashe da yawa su ke amfani da shi. Akwai kuma babban daftari na kowace shekara, inda kowa ya ke rubuta inda ya je, da wanda suka je tare, da awa nawa suka yi, da abin da suka gani. Kowane kogo hukumar masu binciken kogwanni ta Ostiriya ta kan ba shi lamba; yankin da ɗaliban su ke aiki lambarsa 1623, kuma a kan kafa ɗan ƙarfe mai lamba a bakin rami domin kada na baya ya sāke wahala a kan abin da na gaba ya riga ya duba.

Mafi kyaun abin da ke cikin wannan tsari shi ne yadda su ke rubuta abin da ba su gama ba. In sun wuce wata kafa ba su shiga ba, ko igiya ta ƙare a bakin rami, sai su sa alamar tambaya a taswira, su ba ta daraja: ta fari ga wadda ke da faɗi da iska, ta ƙasa ga wadda ba a sa mata rai sosai. Waɗannan alamomi su ne gadon da a ke bar wa masu zuwa. Yaro ɗan shekara goma sha tara ya kan buɗe taswirar da aka zana tun yana goye, ya ga alama, ya ɗauki igiya ya tafi. Malamin da ya san darajar sanadi, da attajirin da ya san abin da littafin bashi ke tsarewa, ba su bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Mai awon da ya yi ha'inci ya ƙara mita goma don a yabe shi, asirinsa zai tonu ran da hanya ta zagayo ta haɗu da wata, lissafi ya ƙi rufuwa.

Da wannan haƙuri aka sami manyan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. A 1988 aka sami Kaninchenhöhle, watau Kogon Zomo. A 1999 aka sami Steinbrückenhöhle, Kogon Gadar Dutse, dab da inda zangonsu na bisa ya ke. A 2006 aka sami Tunnockschacht, wanda suka raɗa wa sunan wani kamfanin biskit na ƙasar Sikotilan mai taimakonsu da guzuri. Ɗan kasuwa ya ga yadda kyauta ta ke sa suna ya shiga inda mai shi bai taɓa zuwa ba. Da fari kowane kogo zaman kansa ya ke yi. Amma da aka jera awon a takarda ɗaya, sai aka ga reshen wannan ya nufi reshen wancan, aka san inda za a matsa. A hankali aka haɗa su, tare da aikin waɗansu Jamusawa da 'yan ƙasa masu bincike a gefe guda na dutsen, suka zama gida ɗaya mai ƙofofi da yawa, wanda a ke kira da sunan dutsen Schwarzmooskogel. Tsawon hanyoyinsa da aka auna ya wuce kilomita 120, zurfinsa daga ƙofa mafi bisa zuwa ƙasa ya wuce mita 1,000.

Ba ɗaliban Kambirij kaɗai ba ne. Na Kwalejin Imperial ta birnin Landan sun fara zuwa dutsen Migovec na ƙasar Silobeniya a 1994, suna aiki tare da mutanen garin Tolmin, kuma a 2012 kogon nan ya zama mafi tsawo a ƙasar duka.

Kada kuwa a ɗauka wasan yara ne. Babban abin tsoro ruwa ne: hadari ya kan sauka a bisa fako, na ciki ba su sani ba, cikin ɗan lokaci ramin da ya ke bushe ya koma magudana mai sanyin ƙanƙara, wanda ya rataye a igiya a lokacin yana cikin hatsarin mutuwa. Saboda haka duk mai shiga ya kan rubuta inda za shi da lokacin da zai fito, in lokacin ya wuce a tashi nemansa. Abin da rauni a irin wannan zurfi ya ke jawowa an gan shi a ƙasar Jamus, a kogon Riesending na dutsen Untersberg. Ran 8 ga Yuni 2014 dutse ya faɗo wa wani ƙwararre mai suna Johann Westhauser a ka, yana kamar mita 1,000 a ƙasa. Abokinsa ya yi wajen awa goma sha biyu yana hawa kafin ya kai inda zai nemi taimako. Mutum fiye da 700 daga ƙasashe biyar suka taru, da likitoci da suka sauka har wurinsa, aka ɗaure shi a gadon ɗaukar majiyyaci aka yi ta jansa rami bayan rami, sai ran 19 ga wata ya ga hasken rana. Ya rayu. Kuɗin da aka kashe ya kusa Yuro miliyan ɗaya, kuma daga baya hukuma ta sa wa bakin kogon ƙyauren ƙarfe. Mai cewa bai kamata a sa ran mutum ɗari bakwai cikin hatsari saboda sha'awar mutum ɗaya ba, yana da hujja. Sai dai da taswirar da mutumin da abokansa suka yi shekaru suna zanawa masu ceton suka san hanya, kuma da irin waɗannan taswirori a ke sanin inda ruwan sha na garuruwan gindin dutse ya ke bi, da inda ƙazanta za ta shige shi in an zuba ta a bisa.

A yamma da inda ɗaliban Kambirij su ke aiki, cikin waɗannan Matattun Duwatsu, akwai wani gidan kogwanni mai suna Schönberg, wanda 'yan Ostiriya suka bi, shi ne kuwa mafi tsawo a ƙasarsu. Tsakaninsa da Schwarzmooskogel 'yan kilomitoci ne na fako. A 2017 da 2018 ɗaliban sun sami sababbin ƙofofi a wannan tsakani, ɗaya suka kira ta Fuskar Kifi, ɗaya Komawa Gida, kuma can suka fi karkata igiyoyinsu a shekarun da suka biyo. In aka sami kafar da ta haɗa gidajen biyu, tsawonsu zai wuce kilomita 250.