Aikin Fiɗa Daga Nesa: Inda Wayar Aljihu Ta Fi Amfani

Ranar 7 ga watan Satumba na shekarar 2001 aka shigar da wata dattijuwa mai shekara 68 ɗakin fiɗa a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa don a cire mata matsarmama. Likitan da ya yi aikin, Farfesa Jacques Marescaux, yana can zaune a birnin New York na Amurka, tsakaninsu akwai teku da tafiyar fiye da kilomita 6,000. Yana kallon cikin matar a allon talabijin, yana juya wasu ƙarafa da hannunsa, wata na'ura mai suna ZEUS kuma tana maimaita kowane motsi nasa a jikin majinyaciyar. Tsakanin motsin hannunsa da ganin sakamakon a allo bai kai kashi ɗaya cikin shida na sakan guda ba. Aikin bai kai awa ɗaya ba aka gama, bayan kwana biyu aka sallame ta.

Tun daga wannan rana likitoci suke ta gwada irin wannan aiki. A 2003 Dakta Mehran Anvari na Kanada ya soma yi wa majinyata aiki daga birnin Hamilton alhali suna kwance a North Bay, kimanin kilomita 400. A 2025 kuwa Dakta Vipul Patel ya yi wa wani mutum aiki a Angola daga jihar Florida ta Amurka.

To, amma wannan abu yana da sharuɗɗa masu nauyi. Na'urar tana cin kuɗi masu ɗimbin yawa, tana bukatar lantarki wanda ba ya ɗaukewa da layin intanet wanda ba ya yankewa, kuma dole a sami ƙwararrun likitoci tsaye a gefen gado, don su karɓi aikin idan layi ya tsinke. Wato asibitin da ba shi da likitan fiɗa ko ɗaya ba zai amfana da ita ba. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2015 cewa mutum miliyan 5,000 a duniya ba su da halin samun aikin fiɗa mai aminci a kan kuɗin da za su iya biya.

Binciken da aka yi a Afirka ya nuna cewa babban haɗarin yana zuwa ne bayan an fito daga ɗakin fiɗa. A 2018 aka buga sakamakon wani bincike da Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ya shugabanta, wanda ya bi majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25, har da Nijeriya. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ya gamu da wata matsala bayan aiki. Mutum 239 suka rasu, kuma 225 daga cikinsu sun wuce ranar aikin da ransu, a kwanakin da suka biyo baya ne suka cika. Masu binciken sun danganta wannan da ƙarancin ma'aikatan da za su lura da majinyaci su gane da wuri cewa jikinsa ya rikice.

Ɗaya daga cikin manyan matsalolin shi ne ruɓewar wurin ɗinki. Wani gwaji mai suna FALCON da aka buga a 2021, wanda aka yi a ƙasashe bakwai ciki har da Nijeriya da Ghana da Benin, ya gano cewa cikin kowane mutum 100 da aka yi wa aikin ciki, 22 miki ya kama su a wurin yankan. Sau da yawa kuma sai mutum ya koma gida sannan mikin yake bayyana.

A nan ne wayar aljihu ta shigo. A birnin Edinburgh na Birtaniya an raba majinyata 492 gida biyu bayan aikin ciki na gaggawa. Kashi ɗaya suna amsa tambayoyi ta waya suna aika hoton ɗinkinsu, ɗaya kashin kuma aka bar su a kan tsarin da aka saba. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna cewa gano miki a cikin makon farko ya ninka kusan sau huɗu a wurin masu waya, kuma sun rage zarya zuwa wurin likita.

A gundumar Kirehe ta ƙasar Ruwanda kuwa, ma'aikatan lafiya na ƙauye ne suke bin matan da aka yi wa aiki wajen haihuwa har gida, kimanin kwana goma bayan aikin, su ɗauki hoton ɗinkin su tura wa likita ta WhatsApp. Rahoton 2022 ya nuna cewa tsarin yana yiwuwa kuma matan sun karɓe shi. Sai dai hoton ya fi iya tabbatar da ɗinkin da yake lafiya, mikin da ya kama wasu da yawa bai fito a hoto ba sai da likita ya duba su da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Saboda haka hoto mataimaki ne kurum, bai ɗauke wa majinyaci zuwa asibiti ba.

Wannan batu ya shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai. Sananne ne cewa mutum yakan yi aikin gwaiwa ko na hanji a Ikko ko Badun, da zarar an sallame shi sai ya hau mota ya tafi gida jinya a wurin dangi, ya yi nisan kusan kilomita 1,000 da likitan da ya san abin da aka yi masa. Mai irin wannan niyya ya kamata ya faɗa wa likita tun kafin sallama, ya karɓi takardar da ta bayyana aikin da aka yi da ranar warware ɗinki, ya kuma tambayi lambar da zai kira ko ya aika hoto, idan asibitin yana da irin wannan tsari. A ɗauki hoton da rana, cikin haske, bayan an wanke hannu.

Idan kuwa wurin ya kumbura, ko ya ɗau zafi, ko yana fid da mugunya ko wari, ko ɗinkin ya buɗe, ko zazzaɓi ya rufe mutum, ko ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, to kada a tsaya jiran amsar waya. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, da takardarsa a hannu. Likitoci suna sa ido a kan ɗinki har kwana 30 bayan aiki, don haka mai jinya da masu jinyarsa su ma kada su saki jiki kafin wata guda ya cika.