Cin ƙasa: abin da jiki ke faɗa mana

A garuruwanmu na Magariya da Dungas, duk mun san mace mai ciki da ke ɓoye farar ƙasa a bakin zane. Mun san yaron da ke ɓantarar katanga yana tsotsa, ko yana tauna gawayi. Sau da yawa mukan ce kwaɗayi ne, mu yi faɗa, wani lokaci har da duka. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Cin ƙasa alama ce, kuma galibi ƙarancin jini take nunawa.

Mene ne wannan ciwo?

Likitoci suna kiransa "pika". Shi ne mutum ya daɗe, wata ɗaya ko fiye, yana cin abin da ba abinci ba: ƙasa, yumɓu, gawayi, toka, alli, sabulu ko gashi. Wasu kuwa ƙanƙara suke tauna ba ji ba gani, ko ɗanyar shinkafa. Ba a sa jariri ɗan ƙasa da shekara 2 cikin lissafi, domin shi komai ya samu baki yake kaiwa. Abin ya fi kama mata masu ciki, da ƙananan yara, da masu taɓin hankali.

Ina ruwan jini da ƙasa?

Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya yi jini. Mai ciki tana yi wa mutum biyu jini, don haka bukatarta ta ƙaru. A yankinmu abubuwa uku ke rage jini: zazzaɓin cizon sauro na damina, tsutsar ciki, da tuwon da miyarsa ba ta da wake, ganye ko nama. An lura cewa masu cin ƙasa da yawa jininsu bai cika ba, kuma in aka ba su maganin ƙarin jini, sha'awar takan gushe.

Makiyaya sun san irin wannan a garke. Da rani mukan ga saniya tana lasar ƙasa, tana tauna ƙashi ko tsumma. Mai garke ba ya dukanta. Kanwa da gishirin lasa yake nemo mata, don ya san wani abu jikinta ya rasa. Hankalin da muke yi wa dabba, iyalinmu sun fi cancantarsa.

Illar cin ƙasa

Ƙasar ba ta mayar da abin da aka rasa. Yumɓu yana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, ya hana hanji tsotse shi, sai ƙarancin jinin ya ƙaru. Ƙasar da kashi ya taɓa tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki. Yumɓu mai yawa yana ɗaure ciki, har ya kan toshe hanji. Wata ƙasar ma da guba a cikinta. A 2010, a jihar Zamfara ta Nijeriya, yara kusan 400 suka rasu saboda gubar dalma. Ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ce ta gauraya da ƙasar tsakar gida, yara suka haɗiye ta.

Ga mai ciki, ƙarancin jini yana iya sa ta haifi bakwaini ko ɗa marar nauyi, kuma zubar jini wajen haihuwa ya fi yi mata haɗari.

Yaya za mu gane?

Mu duba cikin fatar ido ta ƙasa, da tafin hannu, da harshe. In sun yi fari, jini ya ragu. Sauran alamu su ne jiri, kasala, haki bayan ɗan aiki kaɗan, da bugun zuciya da sauri.

Me ya kamata mu yi?

1. Mai ciki ta je awo tun farkon ciki, ta gaya wa ungozoma gaskiyar abin da take ci. Ba abin kunya ba ne.
2. Ta sha ƙwayar ƙarin jini kowace rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Kashi yakan yi baƙi, wannan ba illa ba ce.
3. Maganin tsutsa, likita ke ba da shi, kuma mai ciki ba ta shansa sai ciki ya wuce wata 3.
4. Mu kwana cikin gidan sauro. Yara su karɓi maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda aka fara rabawa a Magariya a 2013.
5. Yaron da ya yi fari yana numfashi da ƙyar, ko cikinsa ya kumbura yana amai ba ya kashi, a kai shi asibiti ran nan. Asibitin Magariya yana da sashen yara, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a garin a 2005.

Rabin maganin yana gona

Wake, zogale, rama, kuka, hanta, kifi da fara duk suna da sinadarin ƙarfe. Matsa lemun tsami a kwaɗo ko sa ɗanyen tumatir yana taimaka wa jiki ya ɗauke shi. Shayi kuwa hanawa yake yi, don haka mu jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan abinci. Akwai kuma irin hatsi mai suna Chakti, na cibiyar bincike ta ICRISAT, wanda aka amince da shi a Nijar a 2018. Ya fi hatsinmu na gargajiya sinadarin ƙarfe, kuma yana nuna da wuri. Mu tambayi malamin gona labarinsa.

Magidanta, in kaka ta yi, kada mu kwashe waken duka zuwa kasuwa. Mu ware na gida tukuna, mu dasa zogale bayan ɗaki, kuma mu raka matanmu wajen awo.