Me ya sa sai an yi nesa da rana kafin a auna hasken sararin samaniya?

Ko inda babu tauraro, sararin samaniya ba baƙi ƙirin ba ne. Akwai wani haske mai rauni da ido ba ya gani, wanda ake kira ultrabayolet. Iskar da ke kewaye da duniya na shanye mafi yawansa, shi ya sa sai daga sama ake auna shi.

A can ma akwai cikas. Ƙurar da taurari masu wutsiya ke zubarwa tana warwatsa hasken rana, haka ma iskar haidurojin. Ƙurar ce ke haddasa hasken da malamai ke kira alfijirin ƙarya, wanda ake gani kafin asuba a wurare masu duhu kamar Sahara.

Kumbon New Horizons na hukumar NASA ta Amurka, da aka harba a 2006, ya wuce Pluto a 2015. A wannan nisa ƙurar ta ragu ƙwarai, don haka na'urarsa mai suna Alice ke iya auna hasken da ke zuwa daga nesa. Da wannan awo masana ke gwada ko taurarin da aka sani sun isa su samar da dukkan hasken.